Tambayoyi da Amsoshi kan Janar Ivan Chernyakhovsky, Ɗan Yukiren da Ya Jagoranci Sojojin Sobiyet Rabin Miliyan

Duk mai bibiyar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu a fagen gabas, inda Jamus da Tarayyar Sobiyet suka gwabza daga 1941 zuwa 1945, zai riƙa cin karo da sunan Chernyakhovsky a labarin biranen Kursk da Minsk da Vilnius, amma sau da yawa akan ambace shi ne a wuce ba tare da bayani ba. An tattara a nan tambayoyin da suka fi maimaituwa a kansa, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Wane ne Ivan Chernyakhovsky?

Ivan Danilovich Chernyakhovsky hafsan sojan Tarayyar Sobiyet ne, haifaffen ƙasar Yukiren, wanda ya shiga yaƙin a watan Yunin 1941 yana kanar mai riƙe da dibishan ɗaya na tankoki, ya kuma mutu a watan Fabrairun 1945 yana cikakken janar mai jagorancin gamayyar rundunoni da ake kira Front na Uku na Belarus. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin duk waɗanda suka riƙe irin wannan muƙami a yaƙin, domin an ba shi ne kafin ya cika shekara 37. Sau biyu aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, wadda babu lambar jarumta da ta fi ta daraja a ƙasar.

A ina aka haife shi, kuma ta yaya ya shiga aikin soja?

An haife shi ranar 29 ga Yuni, 1907, a ƙauyen Oksanyna da ke kusa da garin Uman, a tsakiyar Yukiren, lokacin yankin yana ƙarƙashin Daular Rasha. Littattafan zamanin Sobiyet sun daɗe suna rubuta 1906, shi ya sa mai karatu zai ga wasu sun ce ya mutu yana da shekara 38, wasu kuma 37. Iyayensa talakawa ne, kuma dukansu biyu sun mutu a 1919 sakamakon zazzaɓin taifus, annobar da kwarkwata ke yaɗawa wadda ta yi ɓarna ƙwarai a shekarun yaƙin basasar Rasha. Da ya zama maraya sai ya yi kiwon dabbobin mutanen ƙauye, ya yi leburanci a tashar jirgin ƙasa ta Vapniarka, daga baya ya tafi garin Novorossiysk a bakin Bahar Aswad inda ya samu aiki a masana'antar siminti.

A 1924 ya shiga soja. Ya fara da makarantar sojan ƙasa ta Odesa, sannan aka mayar da shi makarantar manyan bindigogi ta Kiyef, wadda ya kammala a 1928. Abin da ya sauya masa alƙibla shi ne karatun da ya yi a kwalejin hafsoshi ta tankoki da motocin yaƙi, ya gama a 1936. Saboda haka ya iso yaƙin da ilimin fannoni uku, wato sojan ƙafa da igwa da tanka, kuma wannan haɗin ya yi masa rana a lokacin da ya kai matsayin da dole ya sarrafa dukansu a fage ɗaya.

Me ake nufi da "front", kuma yaya muƙaman janar-janar na Sobiyet suke?

A tsarin sojan Sobiyet, dibishan shi ne rukunin da kan ƙunshi sojoji dubbai, ko da yake a tsakiyar yaƙi adadin yakan ragu matuƙa. Dibishan biyu ko uku su ne abin da Rashawa ke kira korpus. Korpus da dama su ne runduna. Idan aka haɗa rundunoni huɗu ko biyar ko fiye, tare da rundunar jiragen sama, a ƙarƙashin mutum ɗaya, to shi ne front. Kwamandan front yana karɓar umarni ne kai tsaye daga Stavka, babbar majalisar yaƙi da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, yake shugabanta a Mosko.

Muƙaman kuwa suna hawa ne daga Manjo Janar zuwa Laftanar Janar, sai Kanar Janar, sai Janar na Soja, sai Mashal. Wanda ya saba da tsarin Ingila zai yi mamakin muƙamin Kanar Janar, amma yana sama da Laftanar Janar ne, ba shi da alaƙa da muƙamin kanar da aka sani. Chernyakhovsky ya zama Manjo Janar a Mayun 1942, Laftanar Janar a Fabrairun 1943, Kanar Janar a Maris na 1944, sannan Janar na Soja ranar 26 ga Yunin 1944, wato matakai huɗu cikin shekara biyu da 'yan makonni.

Me ya sa ya yi saurin hawa haka? Ƙwazo ne ko sa'a?

Duka biyun ne, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai faɗi gaskiyar lamarin ba. A 1937 da 1938 Stalin ya yi wa rundunarsa kisan kiyashi bisa zargin cin amana; a cikin mashal biyar na farko an kashe uku, ciki har da Tukhachevsky, wanda shi ne jigon masu ra'ayin yaƙi da tankoki. Kujeru suka zama fanko, aka riƙa ɗaga matasan hafsoshi don cike su. Mutumin da a 1936 bai wuce matakin bataliya ba, zuwa 1938 ya zama kwamandan rajimanti na ƙananan tankoki a Belarus, a Maris na 1941 kuma aka miƙa masa Dibishan na 28 na Tankoki a yankin Baltik. Bala'in 1941 ya sake share wani sahun manyan hafsoshi, wasu suka mutu a fage, wasu aka kama su, wasu Stalin ya harbe.

Sai dai ɗaruruwan hafsoshi ne suka samu irin wannan dama, kuma galibinsu sun tsaya a inda ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ya bambanta Chernyakhovsky, kamar yadda amsoshin da ke magana kan ƙetare kogin Dnieper da farmakin Bagration za su nuna, shi ne saurin gane inda layin abokan gaba ya yi rauni, da kuma ƙarfin halin sauya shiri a tsakiyar faɗa maimakon ci gaba da kai wa bango karo saboda kawai haka aka rubuta a takarda.

Yaya ya kwashe da Jamusawa a farkon yaƙin, a 1941?

Bai ji da daɗi ba. Jamus ta kai farmaki ranar 22 ga Yuni, kuma kashegari aka tura dibishan ɗinsa, wanda galibin tankokinsa ƙanana ne samfurin BT-7 masu siririn sulke, ya mayar da martani a kudancin garin Šiauliai na Lituweniya. Cikin 'yan kwanaki mafi yawan tankokin suka ƙone ko suka lalace. Abin da ya saura ya ja da baya ta Latbiya har cikin Rasha, kuma a watan Agusta 'yan tanka da ba su da tanka suka kare birnin Novgorod da bindigogin hannu kamar sojan ƙafa, kafin birnin ya faɗi su ƙetara kogin Volkhov. A ƙarshen shekarar aka mayar da rukunin ya zama Dibishan na 241 na sojan ƙafa, ya ci gaba da jagorancinsa a faɗan da aka yi a kewayen Demyansk, inda aka yi wa Jamusawa ƙawanya a farkon 1942. Yabon da ya samu a wannan lokaci na hana mutanensa tarwatsewa ne, a shekarar da rundunoni sukutum suka narke.

Wace rawa ya taka a Voronezh da Kursk?

A Yunin 1942 aka ba shi Korpus na 18 na Tankoki, aka jefa shi cikin faɗan kare birnin Voronezh, sannan a watan Yuli aka ɗaga shi zuwa kwamandan Runduna ta 60, wadda ya riƙe har zuwa Afrilun 1944. Jamusawa sun kama mafi yawan Voronezh amma ba su iya wucewa gabas ba. Bayan an rutsa da rundunar Jamus a Stalingrad, sai aka buɗe farmaki a wannan yanki ma: Runduna ta 60 ta shiga Voronezh ranar 25 ga Janairun 1943, ta ci gaba cikin dusar ƙanƙara da tsananin sanyi, ta ƙwato birnin Kursk ranar 8 ga Fabrairu. Wannan nasara ce ta fara fito da sunansa a Mosko, ta kuma kawo masa muƙamin Laftanar Janar bayan kwana shida.

A babban gumurzun Kursk na Yulin 1943 kuwa, wanda aka fi sani da karon tankoki, rabonsa kaɗan ne, domin rundunarsa tana gefen yamma na fagen, Jamusawa kuma ta arewa da kudu suka afka. Masu danganta masa nasarar wannan gumurzu suna haɗa abubuwa biyu ne da ba ɗaya ba.

Me ya yi aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet karo na farko?

An ba shi ne ranar 17 ga Oktoban 1943 saboda ƙetare kogin Dnieper. A ƙarshen Agustan shekarar, Janar Rokossovsky, wanda Runduna ta 60 take ƙarƙashinsa, ya shirya babban harinsa ta wajen garin Sevsk, ya bar wa Chernyakhovsky aikin taimako a gefe. Babban harin ya cije, na gefen kuma ya fasa layin Jamusawa, aka kama garin Hlukhiv. Rokossovsky bai yi wata-wata ba ya kwaso ƙarin dakaru ya tura masa. Daga nan Runduna ta 60 ta ratsa arewacin Yukiren a guje, ta kama Konotop da Bakhmach, ta shiga Nizhyn a tsakiyar Satumba, ta ƙetare kogin Desna, ta isa Dnieper a arewacin Kiyef kafin Jamusawa su gama kafa kariyarsu a ɗaya gaɓar.

An ƙetare kogin ne da kwalekwalen masunta da gungumen itace da duk abin da zai iya yawo a kan ruwa, ba a jira gadoji ba. Wannan gaggawa ta hana abokan gaba shiri, amma rayukan da ta ci ba kaɗan ba ne, kuma a Yukiren ta yau ana yawan tuna samarin ƙauyukan da rundunonin Sobiyet suka ɗiba bayan an ƙwato garuruwansu, aka tura su faɗan Dnieper ba tare da isasshen horo ba. Bayan ƙetarewar, Runduna ta 60 ta koma ƙarƙashin Janar Vatutin, ta kuma shiga farmakin da ya ƙwato Kiyef ranar 6 ga Nuwamba.

Ta yaya aka miƙa wa mutum mai shekara 36 jagorancin front?

Front na Yamma, wanda Janar Sokolovsky yake jagoranta, ya shafe hunturun 1943 zuwa 1944 yana kai hare-hare wajen Orsha da Vitebsk, ana asarar mutane ba a samun ƙasa. Stalin ya tura kwamitin bincike ƙarƙashin na hannun damansa Malenkov, aka sauke Sokolovsky a Afrilun 1944, aka sake wa rukunin suna zuwa Front na Uku na Belarus, aka kuma nemi sabon jini. Mashal Vasilevsky, babban hafsan hafsoshin ƙasar, ya goyi bayan Chernyakhovsky, wanda a lokacin rundunarsa take ƙarasa murƙushe Jamusawan da aka yi wa ƙawanya a garin Ternopil. Ya tarar da kwamandojin rundunoni da suka girme shi, wasu ma sun daɗe da zama janar tun yana kanar, kuma watanni biyu kawai yake da su kafin babban farmakin bazara.

Mene ne farmakin Bagration, kuma wane ɓangare ya ɗauka?

Bagration shi ne sunan da aka laƙaba wa farmakin da Sobiyet ta buɗe a Belarus a mako na huɗu na Yunin 1944, daidai shekara uku da shigowar Jamus, kuma makonni biyu da 'yan kwanaki bayan saukar sojojin Amurka da Ingila a Normandi. Front huɗu ne suka haɗu a kan Rukunin Rundunonin Tsakiya na Jamus. Na Chernyakhovsky yana da sojoji sama da rabin miliyan, kuma aikinsa biyu ne: ya haɗa hannu da Janar Bagramyan daga arewa su kewaye Vitebsk, sannan ya bi babbar hanyar Mosko zuwa Minsk.

Na farko ya tafi daidai. An rufe Vitebsk, birnin ya faɗi ranar 26 ga Yuni, aka kama kwamandan korpus na Jamus da ke ciki, Janar Gollwitzer. Na biyun ne ya so ya ba da matsala, domin a gaban Orsha, inda aka yi niyyar sakin Runduna ta Biyar ta Tankoki ta Janar Rotmistrov, Jamusawa sun kafe sun ƙi motsi. Amma can arewa, ta wajen Bogushevsk, Runduna ta Biyar ta Janar Krylov ta riga ta huda layin. Sai aka karkatar da tankokin ta wannan kafa, ko da yake ƙasar fadama ce da kurmi, suka ɓullo wa masu tsaron Orsha ta baya. Wanda ya karanta amsar da ta gabata kan Hlukhiv zai ga darasi ɗaya ne, sai dai a wannan karon shi ne a kujerar Rokossovsky. Orsha ta faɗi ranar 27, aka ƙetare kogin Berezina a Borisov, tankokinsa suka shiga Minsk ranar 3 ga Yuli, aka datse dubban sojojin Jamus a dazuzzukan gabashin birnin.

Bai tsaya nan ba. An kama Vilnius ranar 13 ga Yuli, aka ƙetare kogin Neman, aka kama Kaunas ranar 1 ga Agusta, kuma kafin watan ya ƙare dakarunsa sun isa kan iyakar Prusha ta Gabas, wato ƙasar Jamus kanta a wancan lokaci. Lambar Gwarzo ta biyu ta zo ranar 29 ga Yuli. Matuƙan jiragen yaƙin Faransa na rukunin Normandie ma a ƙarƙashin front ɗinsa suka yi wannan faɗa, kuma daga kogin Neman ne aka ƙara musu sunan da suke amsawa har yau, Normandie-Niemen.

Me ya sa mutanen Folan ba sa ganinsa a matsayin gwarzo?

Saboda abin da ya biyo bayan kama Vilnius. Kafin yaƙin birnin yana hannun Folan, suna kiransa Wilno, kuma mayaƙan ɓoye na Armia Krajowa, masu biyayya ga gwamnatin Folan da ke gudun hijira a Landan, sun kai wa Jamusawan birnin hari tun kafin Sobiyet su iso, sannan suka yi faɗa kafaɗa da kafaɗa da su. Burinsu shi ne su karɓi Sobiyet a matsayin masu gida. Ranar 17 ga Yulin 1944 aka gayyaci kwamandansu, Aleksander Krzyżanowski, zuwa taro a hedikwatar Chernyakhovsky, can aka kama shi. Aka kuma yi wa sauran hafsoshinsa irin wannan tarko. Dubban mayaƙa aka ƙwace wa makamai, aka tsare su a ƙauyen Medininkai da ke kusa da Vilnius, waɗanda suka ƙi shiga rundunar Folan da Sobiyet ta kafa aka kwashe su zuwa cikin Rasha.

Masu kare shi suna cewa umarnin daga Mosko ya fito, kuma jami'an tsaron cikin gida na NKVD ƙarƙashin Ivan Serov ne suka tsara aikin, wanda gaskiya ne. Amma da sunansa aka yi gayyatar, kuma dakarunsa sun sa hannu a kamen. Wannan shi ne tushen rikicin mutum-mutuminsa da aka yi bayani a amsa ta ƙarshe.

Ya taɓa shan kashi bayan ya zama babban kwamanda?

Ya sha. A Nuwamba da Disambar 1943 tankokin Jamus sun mayar da martani a yammacin Kiyef, suka tura Runduna ta 60 baya a yankin Korosten da Radomyshl. Mafi girma kuma shi ne yunƙurinsa na farko na kutsawa Prusha ta Gabas a Oktoban 1944, wanda aka fi sani da farmakin Gumbinnen: an shiga ƙasar Jamus na 'yan kilomitoci, amma ganuwoyin kankare da martanin tankoki suka tsayar da shi cikin makonni biyu, bayan asara mai yawa.

A wannan farmaki ne, ranar 21 ga Oktoba, sojojin front ɗinsa suka kashe fararen hula a ƙauyen Nemmersdorf. Ma'aikatar farfagandar Jamus, ƙarƙashin minista Goebbels, ta zuzuta lamarin don tsorata Jamusawa su yi faɗan a mutu ko a yi rai, amma kisan ya faru, kuma cin zarafin fararen hula da mata ya ƙaru sosai da aka sake shiga yankin a 1945.

Yaya ya mutu?

An sake buɗe farmaki kan Prusha ta Gabas ranar 13 ga Janairun 1945. Hazo ya hana jirage tashi, kwanakin farko suka yi tsauri, sai ya sake yin abin da ya saba: ya ɗauke Runduna ta 11 daga inda aka tanade ta, ya tura ta arewa inda Runduna ta 39 ta samu kafa. Garin Insterburg ya faɗi ranar 22 ga Janairu, aka matse Jamusawa zuwa bakin teku da kewayen Königsberg, babban birnin Prusha ta Gabas.

Ranar 18 ga Fabrairu yana cikin mota a kan hanyarsa ta duba Runduna ta Uku ta Janar Gorbatov, kusa da garin Mehlsack, wanda yanzu yake cikin Folan da sunan Pieniężno, sai harsashin igwa ya fashe kusa da motar, ɓarɓashinsa ya ratsa ta ya same shi a ƙirji, ya mutu a ranar. Akwai jita-jitar cewa nasu ne suka harbe shi, amma ba a taɓa kawo hujjar da ta tabbatar da hakan ba. Vasilevsky ne ya gaje shi, shi ne kuma ya karɓi miƙa wuyan Königsberg ranar 9 ga Afrilu.

Waɗanne lambobin yabo ya samu?

Ban da tauraron Gwarzo guda biyu, yana da lambar Lenin, lambar Jar Tuta guda huɗu, lambar Suvorov mai daraja ta ɗaya guda biyu, da lambobin Kutuzov da Bohdan Khmelnytsky masu daraja ta ɗaya. Ana yawan faɗin cewa an gama shirin ba shi muƙamin Mashal sai mutuwa ta riga shi, amma abin da yake tabbas shi ne Janar na Soja ne muƙaminsa na ƙarshe.

Ina kabarinsa yake, kuma wace ƙasa ce ke ɗaukarsa nata a yau?

An binne shi a tsakiyar Vilnius, aka kafa masa babban mutum-mutumi a 1950. Da Lituweniya ta samu 'yancin kanta sai hukumomi suka nemi a ɗauke shi. Aka mayar da gawarsa maƙabartar Novodevichy a Mosko, mutum-mutumin kuma aka kai shi Voronezh, inda aka sake kafa shi a 1993. Garin Insterburg, wanda ya koma hannun Rasha, tun 1946 ake kiransa Chernyakhovsk, yana cikin lardin Kaliningrad. A Folan kuwa, hukumomin Pieniężno sun cire alamar tunawa da shi da ke wurin da aka harbe shi a Satumbar 2015, bisa dalilin da aka bayyana a amsar da ta shafi Vilnius, kuma Mosko ta nuna fushinta a hukumance.

Yukiren ce ta fi shiga tsaka mai wuya, domin ɗanta ne, kuma rundunarsa ce ta kori Jamusawa daga garuruwa da dama na ƙasar. A 2013 an sa wa jami'ar tsaro ta ƙasa da ke Kiyef sunansa. Bayan Rasha ta ƙaddamar da cikakken yaƙi a kan ƙasar a Fabrairun 2022, aka shiga sauya sunayen tituna da cire gumakan zamanin Sobiyet, aka cire sunansa daga jami'ar, tituna da dama da ke ɗauke da shi ma aka sake musu suna.